Taurin Bayan Gida: Yadda Abinci Da Ruwa Suke Warware Ciki

Taurin bayan gida ciwo ne da ba a cika faɗinsa ba. Mutum zai kai kukan zazzaɓi ko ciwon kai wurin kowa, amma idan cikinsa ya kulle sai ya yi shiru don kunya. Wasu suna kiransa bushewar ciki, wasu kullewar ciki, wasu kuma cushewar ciki. Duk abu ɗaya ake nufi. Yana kama babba da yaro, mace da namiji. Amma ya fi damun tsofaffi, da mata masu juna biyu, da masu jego, da matafiya.

Sau da yawa ba sai an je kanti an sayi magani ba. Abin da ke warware ciki yana nan a rumbu, da lambu, da randa. Sai dai a san shi, a kuma san yadda za a yi amfani da shi. Akwai kuma lokacin da maganin gida ba zai yi ba, tilas sai an je asibiti. Shi ma ya kamata kowa ya san shi.

Yaushe Ake Cewa Ciki Ya Kulle?

Mutane da yawa suna zaton duk wanda ya wuni bai zaga ba, to ba shi da lafiya. Ba haka ba ne. Jiki ya bambanta. Wani yana zagawa sau 3 a rana, wani sau 3 a mako, kuma dukansu lafiyarsu lau. Abin dubawa shi ne yadda mutum ya saba, da kuma yadda bayan gidan yake fita.

Ana cewa ciki ya kulle idan mutum bai kai sau 3 a mako ba. Ko kuma bayan gidan ya yi tauri, ya bushe, yana fita guntu-guntu kamar kashin awaki. Ko sai an yi ta yunƙuri da nishi kafin ya fito. Ko mutum ya gama amma yana jin kamar da saura. Sau da yawa ciki yakan kumbura, ya yi nauyi, abinci ya fita daga rai.

Abin Da Ke Faruwa A Cikin Hanji

Idan aka ci abinci, yana sauka cikin tumbi, daga nan ya wuce ƙaramin hanji. Wannan hanji siriri ne, amma tsawonsa ya kai kamar mita 6. A nan jiki yake tsotse amfanin abinci. Abin da ya rage sai ya wuce babban hanji, mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi. Babban aikin wannan hanji shi ne tsotse ruwa daga ragowar abincin, yana tura shi sannu a hankali har zuwa mafita.

To a nan matsalar take. Muddin ragowar abincin tana zaune a babban hanji, hanjin ba ya daina tsotsar ruwanta. Idan ta wuce da wuri, takan fita da laushi. Idan ta daɗe, sai ta bushe ta yi tauri, kamar tuwon da ya kwana a buɗe lokacin hunturu. Saboda haka duk abin da ke sa ta daɗe, shi ne ke kawo taurin bayan gida. Manyan dalilan guda 4 ne: abincin da aka tace shi ƙal, da ƙarancin shan ruwa, da yawan zama wuri ɗaya, da matse bayan gida idan ya zo.

Dusar Da Ake Ba Akuya

A cikin hatsi da wake da ganye akwai wani sashe da ciki ba ya iya narkarwa. Shi ne dusar hatsi, da ɓawon wake, da zaren ganye, da tsokar 'ya'yan itace. Likitoci suna kiransa faiba. Nama da ƙwai da madara da mai da sukari ba su da shi ko kaɗan. A tsiro kaɗai ake samunsa.

Da can ana ganin faiba ba ta da amfani, tunda yadda ta shiga haka take fita. Wani likita mai fiɗa ɗan ƙasar Ailan, Denis Burkitt, yana cikin waɗanda suka sauya wannan tunani. Ya yi shekaru kusan 20 yana aiki a ƙasar Uganda. Ya lura cewa mutanen ƙauye a can ba su cika fama da taurin bayan gida ba, alhali a Ingila abin ya zama ruwan dare. A shekarar 1972 shi da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka auna. Bayan gidan da ɗan ƙauyen Uganda yake yi a rana ya ninka na mutumin Ingila kusan sau 4 wajen nauyi. Abinci yana ratsa cikin ɗan ƙauyen a kwana ɗaya da rabi, amma a cikin Baturen sai ya haura kwana 3. Bambancin yana cikin kwano. Ɗan ƙauye yana cin hatsi da wake da ganye yadda suke. Bature kuwa yana cin farar fulawa da sukari da nama.

Yau abincin da ya kulle cikin Bature ya shigo karkara. Mai shayi yana kowace tasha. Biredi, da taliyar leda, da fanke, da cincin, duk da farar fulawa ake yin su, wadda aka cire wa dusa tun daga masana'anta. Farar shinkafar da aka goge ta ƙal ita ma haka. Ba a ce waɗannan guba ba ne. Amma wanda ya karya da shayi da biredi, ya ci farar shinkafa da mai da yaji da rana, ya kwana da taliya, to ya wuni bai ba hanjinsa abin turawa ba. Shi ya sa direbobi da 'yan ci-rani da ɗalibai 'yan makarantar kwana suke yawan kuka da cikinsu.

Ko a cikin gida ma ana asarar faiba ba a sani ba. Ana surfa gero ko dawa ko masara, a bakace, a wanke, a sake surfawa don tuwo ya yi fari. Dusar kuma a zuba wa akuya. Akuya tana ƙiba, mai gida yana nishi a bayan ɗaki. Wajen yin koko ana tace ƙullu har sai gasara zalla ta rage. Wajen ƙosai da alale ana cire ɓawon wake. Duk waɗannan abinci ne masu kyau, amma an rage musu abin da hanji yake buƙata.

Gyaran ba mai wuya ba ne. A rage surfe, kada a kai hatsi ya yi fari tas. Wani lokaci a tsince hatsi mai kyau, a wanke, a shanya, a kai inji yadda yake ba surfe. Tuwon zai yi ɗan duhu, amma ya fi riƙe ciki kuma ya fi sauƙin fita. Sai dai a lura, hatsin da za a niƙa da dusarsa dole ya zama busasshe mai tsabta. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna ko ta ruɓe a tsince ta a zubar, musamman masara, domin fumfuna tana da dafi mai cutar da hanta.

Wake kuwa babu kamarsa a wannan fage. Kofi ɗaya na dafaffen wake da ɓawonsa yana ɗauke da faiba kusan giram 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2023 cewa babban mutum ya samu aƙalla giram 25 a rana. Ke nan kofi ɗaya na wake ya kusa kai mutum rabin hanya. Idan za a dafa shinkafa, a haɗa ta da wake, kuma waken ya yi yawa. Faten wake, da gurjiya, da dafaffiyar gyaɗa, da dankalin Hausa da aka wanke aka dafa da ɓawonsa, duk suna wannan aiki.

Abin lura a nan shi ne kada a yi gaggawa. Wanda bai saba ba, idan ya tashi rana ɗaya ya cika cikinsa da wake da dusa, ciki zai kumbura ya yi ta iska. A riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako 2 ko 3. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa da sabon ruwa har ya yi laushi. Wannan yana rage iskar.

Miya Ba Ado Ba Ce

Faiba iri 2 ce. Akwai mai kaushi, irin ta dusa, wadda take ƙara wa bayan gida auki don hanji ya ji abin turawa. Akwai kuma mai riƙe ruwa, wadda take sa shi laushi da santsi. Wannan ta biyun kowace uwar gida ta san ta, domin ita ce yauƙin da ake gani a miyar kuɓewa, da kuka, da karkashi, da lalo. Yadda yauƙi yake sa lomar tuwo ta wuce maƙogwaro ba wahala, haka yake riƙe ruwa a cikin hanji don ragowar abinci kada ta bushe.

Saboda haka miyar kuka da wasu suke rainawa ba abin rainawa ba ce. Kuskuren da ake yi shi ne tuwo ya yi tsauni, miya kuma 'yar kaɗan a gefe, ana dangwala. Mai fama da taurin ciki ya rage tuwo, ya ƙara miya.

Sauran ganyaye ma haka. Zogale, rama, yakuwa, alayyafo, tafasa, ganyen wake, kabeji, da kabewa. Kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli abinci ne mai arha, kuma yana cikin mafi amfani ga hanji. Haka dambu da aka cika shi da ganye, da fate. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci ganye da 'ya'yan itace da suka kai giram 400 a rana. Wato kamar cikin tafin hannu 5, a rarraba daga safe zuwa dare. Da damina wannan ba wuya. Da rani ne ake shan wahala. Shi ya sa yake da kyau a shanya ganye da kuɓewa tun suna da yawa. A shanya a inuwa, a ajiye inda ƙura da danshi ba za su shiga ba. Bushewa ba ta lalata faiba.

Ganyen da za a ci ɗanye, kamar latas da kabeji, a wanke shi sosai da ruwa mai tsabta. Kada a gudu daga taurin ciki a faɗa wa gudawa.

'Ya'yan Itatuwa

Gwanda nunanniya tana cikin waɗanda aka fi sani da sassauta ciki. Haka mangwaro, da kankana, da lemo, da dabino. Amma yadda ake shan lemo a ƙasar Hausa akwai gyara. Ana fere shi, a yanke kai, a tsotse ruwan, a jefar da sauran. Abin da aka jefar ɗin nan shi ne faibar. A yanka lemo gida 4, a cinye har da tsokar. Aya ma haka take. Wanda ya tauna ta ya haɗiye ya fi wanda ya sha kunun aya samun amfani a nan, domin kunun an tace shi. Rake kuwa zaƙi ne kawai, tunda ana tofar da zaren.

Goba tana da faiba sosai, amma a ci nunanniya, a tauna da kyau, a bi da ruwa. Ayaba ma a bari ta nuna, domin ɗanya takan ƙara ɗaure cikin wasu.

Tsamiya tun kaka da kakanni an san tana saki ciki. A wanke 'yan sili kaɗan, a jiƙa a ruwa mai tsabta na wasu awoyi, a tace, a sha kofi ɗaya. Ko a dama kunun tsamiya a sha da ɗumi da safe. Aduwa ma tana saki ciki, har takan kai ga gudawa idan an sha da yawa, don haka kaɗan ta isa. Mai ciwon sukari ya yi hankali da dabino da mangwaro da zuma. Ya fi masa kyau ya dogara da ganye da wake.

Ruwa

Faiba ba ta aiki sai da ruwa. Wanda ya ƙara cin dusa da wake amma bai ƙara shan ruwa ba, yana iya ƙara wa kansa wahala. Kamar a zuba gari a tukunya ne ba ruwa.

Babban mutum yana buƙatar kamar lita 2 a rana, wato kofi 8, ko ledar ruwan sayarwa guda 4. Kunu da koko da fura da romo duk suna cikin lissafi. Amma manomi da ke huɗa a rana, da makiyayi, da mai jego da ke shayarwa, suna buƙatar fiye da haka. Da bazara, daga watan Maris zuwa Mayu, gumi yana kwashe ruwan jiki, hanji kuma ya rama daga bayan gida. Da hunturu kuma sanyi yana hana jin ƙishi, sai mutum ya wuni bai sha ba, alhali iska tana busar da shi.

Hanya mai sauƙi ta gane ko ruwa ya isa ita ce duban fitsari. Idan ya yi haske, ruwa ya isa. Idan ya yi ja kamar shayi, kuma kaɗan ne, jiki yana neman ƙari. Mai zuwa gona ya tafi da gorarsa, kada ya jira sai ya dawo gida. Wanda likita ya taƙaita wa shan ruwa saboda ciwon ƙoda ko na zuciya, ya tsaya kan abin da likita ya ce.

Da azumi mutane da yawa cikinsu yana kullewa. Dalilin a fili yake: an wuni ba ruwa, da an sha ruwa kuma sai a cika ciki da soye-soye. A buɗa baki da dabino da ruwa, a bi da kunu da 'ya'yan itace. A riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan daga magariba har zuwa sahur, ba a tara shi lokaci ɗaya ba. A sahur a samu wake ko tuwo da miyar ganye.

Idan Ya Zo Kada A Matse

Hanji yana da lokacinsa. Ya fi motsi da safe, musamman bayan an ci ko an sha abu mai ɗumi. Cikin minti 20 zuwa 30 bayan karin kumallo, nan ne ya fi sauƙi a zaga. Wanda ya saba wa kansa da wannan lokaci kullum, jikinsa zai riƙe. Wanda kuma yake matsewa don yana cikin mutane, ko yana kasuwa, ko yana mota, to jin zai wuce, bayan gidan ya koma ya ci gaba da bushewa. Idan abin ya zama ɗabi'a, hanji yakan daina ba da sanarwa da ƙarfi.

A nan mata ne suka fi cutuwa. A gidan da babu masai, mace takan matse tun safe har duhu ya shiga kafin ta fita bayan gari. Wasu har rage ci da sha suke yi da rana don gudun haka. Yara 'yan makaranta ma suna matsewa idan makaranta ba ta da masai, ko tana da shi amma ya ƙazantu. Mai gidan da ya haƙa masai mai murfi a gidansa ya yi wa iyalinsa magani babba, ba na taurin ciki kaɗai ba.

Tsuguno irin na masan gargajiya ya fi zama a kujera sauƙaƙa fitar bayan gida, domin yana miƙar da hanyar. Mai amfani da masan zama ya sa ɗan dakali ko bulo a ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo. Kada a yi yunƙuri da ƙarfi, kada kuma a daɗe. Idan an yi minti 10 bai zo ba, a tashi, a dawo an jima. Yawan yunƙuri shi ke kumbura jijiyoyin dubura ya zama basir, ko ya tsaga fatar wurin har a ga jini.

Motsa jiki ma yana motsa hanji. Manomi da mai daka da mai ɗebo ruwa ba su da matsala a nan. Amma tela, da mai tireda, da direba, da tsohon da ya wuni a kan buzu, su samu tafiyar ƙafa ta kamar rabin awa kullum.

Duk wannan ba ya aiki dare ɗaya. Wani zai ga sauyi cikin kwana 2 ko 3, wani sai ya kai mako 4.

Masu Juna Biyu, Jarirai Da Tsofaffi

Mai juna biyu hanjinta yana rage sauri, ga kuma nauyin ciki yana danne shi. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo ita ma takan taurara bayan gida, ta sa shi baƙi. Wannan ba dalilin daina sha ba ne, domin ƙarancin jini ya fi taurin ciki haɗari nesa ba kusa ba. Ta ƙara ruwa da ganye da lemo da gwanda nunanniya, ta kuma gaya wa ma'aikaciyar awo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta guji ɗanyar gwanda. Ta guji cin farar ƙasa, domin tana cushe hanji, tana kuma hana jiki amfana da abincin ƙarin jini.

Jaririn da nono kaɗai yake sha, bayan ya wuce mako 6, yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba. Idan yana shan nono da kyau, yana fitsari, cikinsa da laushi, kuma kashin idan ya zo da laushi yake zuwa, to ba ciwo ba ne. Kada a ba shi ruwa ko jiƙo ko tsimi kafin ya cika wata 6. Kada a ba yaro zuma kafin ya cika shekara 1. Amma jaririn da aka haifa ya kwana 2 bai yi baƙin kashin farko ba, ko cikinsa ya kumbura yana amai, a kai shi asibiti ba jira.

Yaron da aka fara ba abinci, a dama masa gwanda ko kabewa ko wake mai laushi, a ba shi ruwa mai tsabta. Idan kashi ya taɓa yi wa yaro zafi, yakan ji tsoro ya riƙa matsewa, abin ya ƙara tauri. Duka da tsawa ba sa gyara wannan. Rarrashi ake yi, a zaunar da shi a fo bayan ya ci abinci. Idan abin ya ƙi, a kai shi wurin ma'aikacin lafiya da wuri.

Tsoho kuwa haƙori ya yi ƙaranci, ƙishi ya ragu, tafiya ta ragu. A dafa masa wake da ganye su yi lugub, a ajiye masa ruwa kusa da shimfiɗa, a riƙa tuna masa. Shafa ciki a hankali yana taimaka wa wasu. A fara daga ƙasan ciki ta dama, a yi sama, a ratsa ta saman cibiya zuwa hagu, a gangaro ƙasa. Hanyar da babban hanji ya bi ke nan. Ba a yi wa mai juna biyu, ko wanda cikinsa ke ciwo.

Maganin Wankin Ciki

Akwai masu ganin dole a wanke ciki duk wata don fitar da datti. Masu tallar magani a kasuwa da lasifika suna ƙarfafa wannan magana, domin da ita suke ciniki. Gaskiyar ita ce hanji mai lafiya yana share kansa, ba ya buƙatar wanki.

Filasko da sanamaki suna aiki, babu shakka. Har ƙwayar asibiti ana yi da sanamaki, wadda ake sha da dare ta yi aiki da safe. Bambancin shi ne ta asibiti an auna ta, wanda aka tafasa a gida kuwa babu wanda ya san ƙarfinsa. Idan ya yi yawa sai murɗar ciki da gudawa, ruwa da gishirin jiki su zube. Wannan yana iya kayar da tsoho ko yaro. Kada a sha irin wannan fiye da mako 1 ba tare da shawarar ma'aikacin lafiya ba, kuma kada a ba yaro ko mai juna biyu.

Man zurma, wanda a kanti ake kira man kasto, yana iya tayar wa mai ciki da naƙuda. 'Ya'yan zurma da na bini-da-zugu guba ne, a nisanta yara da su. Ɗura wa yaro ruwan sabulu ko jiƙon itace ta dubura yana iya ƙona hanji ko ya huda shi. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta ba ya maganin taurin ciki.

Kanwa 'yar kaɗan a tukunyar wake ba laifi. Amma jiƙa ta a sha don ciki ya saki ba dabara ba ce, domin tana cike da gishiri mai hawar da jini. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Wasu magunguna su ne da kansu suke ɗaure ciki. Tiramadol da kodin suna kan gaba, domin suna sa hanji ya yi sanyi. Wanda cikinsa ya kulle bayan ya fara wani sabon magani, ya koma ya gaya wa wanda ya rubuta masa. A asibiti akwai magunguna masu sauƙi, kamar laktulos, wanda yake jawo ruwa cikin hanji ya yi aiki cikin kwana 1 ko 2. Ana ba har masu juna biyu da yara, amma ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin.

Lokacin Da Za A Bar Maganin Gida

Idan ciki ya kumbura ya yi tauri, ana amai, kuma ko tusa ba ta fita, to wataƙila hanji ne ya toshe ko ya murɗe. Wannan ba ya jiran gobe. A nemi mota a tafi babban asibiti, ko da tsakar dare ne. Haka idan mai gwaiwa ya ga ta fito ta ƙi komawa, tana zafi. Haka yaron da cikinsa ya toshe yana amai, domin macijin ciki idan ya yi yawa yakan dunƙule ya tare hanya. A irin wannan hali kada a ba mara lafiya abinci ko maganin wankin ciki. Hanjin da ya toshe, idan aka tilasta masa, yana iya fashewa.

Ciwon ciki mai tsanani, musamman a ƙasan ciki ta dama, tare da zazzaɓi, shi ma na gaggawa ne. Zazzaɓin da ya daɗe tare da kullewar ciki yana iya zama taifot, sai an gwada a asibiti.

Akwai kuma alamun da ba na gudu ba ne, amma ba a zama da su. Jini a bayan gida, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini. Rama ba dalili. Yawan kasala da ɗashewar ido. Taurin ciki yau, gudawa gobe, ana ta juyawa. Ko wanda ya haura shekara 45, cikinsa lafiya lau tun da, sai kwatsam ya fara kullewa. Kada a ce ai basir ne a yi ta shan jiƙo wata da watanni. Ciwon dajin hanji yakan fara da irin waɗannan alamu, kuma idan an gano shi da wuri ana iya yi masa aiki.

Wanda ya gyara abinci, ya ƙara ruwa, ya yi mako 3 zuwa 4 bai ga sauƙi ba, shi ma ya je asibitin da ya fi kusa. Ya tafi da kwalaye ko ledojin duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya nuna wa ma'aikacin lafiya.